Malafar Tsoho da Jan Karensa

Kullum ƙarfe bakwai da kwata ina jiran bas a bakin filin sakin karnuka na garin Dubbo. Yau kwana goma sha ɗaya a jere ina ganin wani mutum da karensa a filin. Na duba littafina na tabbatar.

Dogon tsoho ne, rana ta gasa masa wuya, bakinsa ya karkace irin na wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki. Karensa na kiwon tumaki ne, irin wanda da fito ake sarrafa shi. Ina jin sun shekara da yawa tare a gona. Yanzu in ya tsuke baki, iska kawai ke fita, shi ya sa yake koya wa karen alama da malafa: in ta yi sama, ya kwanta.

"Baba, sa masa igiya mana," in ji wata mai sayar da kofi a wurin. "Ɗalibin nan naka ya wuce makaranta."

"Haka aka ce da ni a asibiti, 'yar nan. Ga shi ina ba ki amsa."

Sai ƙwallon yara ta gangara titi, karen ya bi ta a guje, ga bas na tahowa. Tsohon ya tsuke baki, shiru. Saura taku biyu ya hau kwalta, karen ya waiwayo. Malafa na sama. Karen ya zube a ciyawa.

Tsohon bai sauke hannu ba har bas ya wuce, ya bar ni tsaye, don na shagala da kallonsu ban tsayar da shi ba. Na rubuta: makara, minti ashirin, karon farko a bana.