Rubutu a Ƙofar Fijo

Wani dattijo ne tsaye a bakin rumfar Mas'udu, mai sayar da kayan gyaran mota a Gusau, shuɗiyar rigarsa ta koɗe a kafaɗa. Tun ɗazu yake jujjuya injinan goge fenti guda biyu, sabo da na hannu. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya shafa soson wancan kamar mai taɓa goshin majinyaci. Mas'udu bai san shi ba, amma biron da ke aljihunsa da natsuwarsa sun sa ya ɗauke shi tsohon malamin makaranta, wataƙila daga Bungudu.

"Wanga mai araha, yana fid da karce duka?" in ji dattijon.

"In bai yi zurfi ba, Baba. Mu je in gani."

Motar dattijon tsohuwar Fijo ce fara. A ƙasan ƙofar baya, daidai tsayin ƙaramin yaro, an karta karkatattun haruffa da ƙusa: MANSU.

"Yara da ɓarna!" Mas'udu ya ce yana dariya.

"Autata ce, Mansura. Sanƙarau ɗin bara ya tafi da ita. Mai sayen motar yana Tsafe, ya ce sai an goge."

Mas'udu ya yi mata addu'a, ya jona injin, ya miƙa masa ya gwada. Dattijon ya durƙusa gaban ƙofar, injin na ta kuka a hannunsa, ya kasa kai shi jikin fentin. Can ya ɗago kai.

"Ɗana, karɓi ka goge mini. Ni zan juya baya."