Ɗamarar da Masta Ba Ya Wankewa

Masta mai wanki da guga ne a ƙarshen layinmu. Duk rigar da ta taɓa yin datti a unguwar nan ta bi ta bahonsa, amma akwai abu ɗaya da bai taɓa bari ruwa ya gani ba: baƙar ɗamararsa ta kareti. Baƙa dai a baki. A ido ta koɗe ta koma ruwan toka, gefenta duk ya zare, warinta kuwa in ka shaƙa da safe ba sai ka nemi shayi ba. Malaminsa ne ya ɗaura masa ita da hannunsa tun kafin a haife ni, kuma a wurinsu ba a wanke ɗamara, wai gumin da ta sha shi ne karatun. Malamin ya rasu, ko hotonsa babu. Ita kaɗai ta rage wa Masta.

Ni kuwa Ƙuma yake kirana, don ba na zama wuri ɗaya. Makaranta na bar ta a tsakiya, gareji na gudu, gyaran waya na koya har na iya buɗewa, rufewar ce ta gagara. Ranar da na leƙa zauren makarantar firamare inda yake koyar da faɗan kareti da yamma, dariya na je yi. Na ga gajeren mutum mai tumbi, hannayensa sun yi fari saboda sabulu, na ce, "Baba, wannan tumbin shi ma yana faɗa?"

Ya ce, "Zo ka tambaye shi."

Na je. Har yau ban san yadda aka yi na tsinci kaina a ƙasa ina kallon silin ba. Washegari na koma, kuma abin da ya ba Ummata mamaki, na ci gaba da komawa.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, komai ya watse. An ba da zauren haya ga masu biki, yaran ajinmu kowa ya tafi ziyarar dangi, shagon Masta kuma ya cika har ƙofa. Kowa na jiran baƙi, kowa ya tuna yana da labule da zanin gado. Na ce to, kareti sai baɗi.

Masta ya ce, "Wa ya gaya maka ƙafa tana hutu? Gobe da sassafe, bayan shago."

Bayan shagon nan filin shanya ne. A tsakanin igiyoyi muke atisaye kafin a hura gawayin dutsen guga, in ka yi naushi ka samu wandon wani, in ka kai shuri jiƙaƙƙen zani ya mare ka. Muna gamawa sai ya kwance ɗamarar, ya rataye a ƙusa kusa da teburin guga, ni kuma in ɗaure kaya a keke in shiga raba wa masu su. Aiki ya yi yawa har Iya, mahaifiyarsa, ta fito taya mu ninki da ɗauri, ga shi idonta ba ya gani sosai.

Wata safiya na iso na tarar da Masta tsaye gaban ƙusar. Babu komai a jikinta. Mun duba ƙarƙashin tebur, mun zazzage kwanduna, har cikin buhun gawayi na leƙa.

Iya ta ce, "Me kuke nema kamar an ɓatar da jariri?"

Na ce, "Ɗamarar Masta, Iya."

"Wani dogon tsumma mai wari? Ai igiya ce ta ƙare mini jiya, na ɗaure labulen mutane da shi. Ƙarfi gare shi kuwa."

"Na wane gida, Iya?" in ji Masta, murya ƙasa-ƙasa.

"Yo ni na sani? Labule ai labule ne."

Ban taɓa ganin fuskar Masta haka ba. Shi kuwa sai ya je ya yanko guntun igiyar shanya, ya zagaya ta a ƙugu, ya ƙulla kamar yadda yake ƙulla waccan, ya ce, "Tsaya daidai, Ƙuma. Rana tana yi." Muka yi atisayenmu cif, bai rage ko taku ɗaya ba. Sai dai duk juyin da zai yi, hannunsa na kaiwa ƙugu yana laluben abin da babu.

Tun da ni na raba kayan, ni na san gidajen. Na hau keke na bi su ɗaya bayan ɗaya. A wani gidan kare ya raka ni har titi. A wani maigadi ya ce, "Tsumma kake nema? Kai lafiyarka kuwa?" Ni da ko sautun Umma nakan manta a hanya, ranar sai ga ni ina ƙwanƙwasa ƙofofi har rana ta take.

A gidan matar wani likita aka dace. Tana jin bayanina ta tafa hannu.

"Ai na gan shi! Na ce ikon Allah, mai wanki guda da irin wannan ƙazanta? Jira ni."

Ta fito da ɗamarar a ninke cikin leda. Ashe ta jiƙa ta a tafasasshen ruwa, ta cuɗe, ta sa turare, har guga ta yi mata.

"Ka ce masa kyauta ce, yau shi ma an yi masa wanki."

Na ce, "Anti, an gode."

A hanya na yi tunanin in birkiɗa ta a ƙasa, in goga a hammata, ko ta ɗan dawo hayyacinta. Na fasa. Na miƙa wa Masta ledar kawai, na ja da baya yadda ƙafarsa ba za ta kai ni ba.

Ya zaro ta, ya shinshina. Sannan ya zagaya ta a ƙugu. Sau biyu ake zagayawa kafin a ƙulla, amma ruwan zafi ya sa ta tsuke, bakin biyu suka ƙi haɗuwa. Ya ja numfashi, ya shanye ciki, suka ƙi.

Iya ta ce, "Kar ka ɗora wa ruwa laifi, tumbin nan ba jiya ya fara ba."

Masta ya fashe da dariya har da hawaye, ban dai tabbata duka na dariyar ba ne. Ya ce, "Zo nan, Ƙuma." Ya zagaya ta a ƙuguna, ta zauna daram har da saura. Kafin in gama washe baki ya kwance abarsa ya mayar ƙusa.

"Ba yau ba. Da sauranka da yawa. Amma ta zama fanko yanzu, sai an sake cika ta da gumi, ni kuma ta fi ƙarfin cikina. In ka gudu kamar yadda ka gudu daga gareji, Iya ta samu igiya."

Hutu ya ƙare, mun koma zaure, Masta na koyarwa da igiyar shanya a ƙugu, kuma babu yaron da ya isa ya yi dariya. Ni kuwa kullum sai na biya ta shago na duba ƙusar nan, na kuma saya wa Iya igiya dami guda. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Umma ta ce ita dai matar likita take sa wa albarka.