Kawu da Maɓallin Amfilifaya

Kawuna direban tasi ne, kuma tunda nake bai taɓa barin maɓalli a tsakiya ba. Da ya sa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a motarsa, mai gyaran rediyo ya nuna masa wani maɓalli ya ce, "Alhaji, wannan na saiti ne. Ana murɗawa har sauti ya fara fashewa, sai a dawo baya kaɗan. Kada ka taɓa."

Kawu ya ce to. Kafin ya hau titi ya murɗe shi ƙarshe. Sifika uku ya ƙona.

Da mai gyara ya gaji, sai ya ɓoye na gaskiyan ƙarƙashin kujera, ya liƙa masa wani marar waya. Kullum Kawu yana murɗe shi ƙarshe, ya waiwayi fasinja ya ce, "Kun ji? Saiti sai mai kunne!"