Taken Sarkin Noma a Cikin Sifika

Duk tsawon aikina a kamfanin kiɗa, ranar da muka kai sabon kiɗanmu biki a wani ƙauye bayan Minjibir ita ce ba ta fita daga raina.

Kamfanin namu ƙarami ne, a Bici. Da kaset muka fara, muka koma faifai, daga baya sai memori. Kiɗan rawa muke haɗawa da kwamfuta da fiyano, babu mawaƙi, masu kiɗan biki su saya. Alhaji Sabo ne mai kamfani, Nura ke haɗa sauti, ni kuwa nake nemo makaɗa, nake kuma raka kaya kasuwa.

Da kasuwa ta fara ja baya, Alhaji ya ce a sa ganga ta gaske a ciki. Na ɗauko Baba Ilu, makaɗin gayya, wato mai yi wa manoma kiɗa idan an taru a gonar mutum ɗaya. Ga wanda bai sani ba, kowane gwarzon manomi yana da takensa, kiɗan da in ya ji ya san da shi ake. A ƙauyen su Baba Ilu, in mutum ya rasu, an ajiye takensa ke nan.

Yana ɗaure ganga sai ya buga wani kiɗa mai daɗi, ya tsaya, ya ce, "Wannan na Tanko ne, hannu ne ya tafi." Na ji da kunnena, ban tambayi wane ne Tanko ba. Na'ura kuwa tana ɗauka. Nura ya yanko wurin, ya ƙara masa sauri, ya ɗora a kan bugun kwamfuta.

Ashe a ƙauyen su Baba Ilu ake bikin. Ranar, bayan la'asar, mai kiɗa ya saka shi. Matasa suka cika fili. Sai na ga dattawan da ke gindin dalbejiya sun miƙe tsaye gaba ɗaya. Wata tsohuwa, Inna Hajo, ta fito daga cikin gida ba mayafi, tana dube-dube.

"Ina yake? Wa ya kira shi?"

Matar marigayi Sarkin Noma Tanko ce. Ta hango Baba Ilu cikin 'yan biki, ta nufe shi.

"Ilu, kai ka wanke gawarsa. Yau ka sayar da shi yara na karkaɗa ƙugu?"

Baba Ilu ya juyo. Ni kawai ya kalla.

Na ce, "Inna, wallahi bai sani ba, mu ne."

Ta ce, "Ku su wa? Hannunku ne a gangar?"

Washegari na faɗa wa Alhaji. Ya dafe kai, ya ce a janye. Muka janye, amma memori ba kaset ba ne, kiɗan ya riga ya bi wayoyi. Da damina ta zo, ba a kira Baba Ilu gayya ko ɗaya ba. Na je har gida ba shi haƙuri, na tarar ganga a rataye, fatar ta tsage.

Ku masu tasowa a wannan sana'a, mu sauti muke ji, mutanen gona kuwa mutum suke ji. Kafin ku yanki kiɗa, ku tambayi na wane ne. Ni har yau in ɗan acaɓa ya wuce da shi a waya, sai in yi wa Tanko addu'a, mutumin da ban taɓa gani ba.