Kwabon Malama

A shekarun rikicin Borno da aka rufe makarantarmu aka kuma katse layukan waya, yini a unguwarmu ta Fezzan ya zama mai tsawo ƙwarai. An hana hawa babur, don haka titi ya yi tsit, sai keke Napep jefi-jefi. Ina budurwa a lokacin, na fara karatun jinya ke nan aka ce kowa ya zauna a gida. In na gama aikin safe, sai in zauna ina kallon inuwar katanga tana tafiya a tsakar gida.

Maƙwabciyarmu tsohuwar malamar firamare ce, Kirista daga kudancin Borno, kowa Malama yake ce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse a garuruwa. Da la'asar takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar gidanta, ni kuma in shiga in taya ta tsince shinkafa. Wata rana ta kwance bakin zanenta ta ciro wani tsohon kwabo mai huji a tsakiya, irin wanda aka daina kashewa tun kafin a haifi mahaifiyata. Ta riƙe shi da yatsun hagu, ta kawo dama ta ɗauke, ta hura iska a dunƙulen, ta buɗe. Babu komai. Sai ta miƙo hannu bayan kunnena ta zaro shi.

Na ja da baya ina salati. Ta yi dariya har tana share ido.

"'Yata, ba aljani ko ɗaya a nan. Babana ya koyo wasan nan a soja, lokacin da aka kai su yaƙi ƙasashen waje. Kawo hannunki."

Ta nuna mini sirrin. Hannun dama ba ya ɗaukar komai. Lokacin da ya rufe kwabon, sai babban yatsan hagu ya saki, kwabon ya faɗa cikin yatsun hagu ya kwanta. Abin da ya rage aikin ido ne. "Inda kika kalla, nan mutane za su kalla," in ji ta. "Ki bi hannun da babu komai da ido, kamar ke ma kin yarda yana ciki." Daga baya ta koya mini maƙale shi a tsokar tafin hannu, yatsu a sake, har in iya ɗaukar kofin shayi yana nan bai faɗi ba.

Ta ba ni aronsa. Na yi makonni ina gwadawa a gaban madubin ɗakin Inna, mahaifiyata. Kwabon ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado, in durƙusa in lalubo. Hayaƙin turaren wuta yana ratsa hasken taga, hannuwana da lalle suna buɗewa suna rufewa a madubi kamar na wata. Wani lokaci a ji ƙara daga nesa, gilashin taga ya girgiza, tantabaru su tashi gaba ɗaya. Sai in tsaya, kwabo a tafina ya ɗauki ɗumin jikina, har tantabarun su dawo su sauka. Inna ta fara yi mini faɗa cewa rufa-ido ba wasan 'ya mace ba ne. Da na nuna mata yadda ake yi a hankali, sai ta taɓe baki ta ce, "Au, iyakarsa ke nan?" Ba ta ƙara hana ni ba.

Cikin damina goggona, ƙanwar babana, ta zo daga ƙauyensu na wajen Khaddamari da ƙullin kaya ɗaya. Mijinta ya tafi gona da safe, bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Mace ce da na sani da surutu da waƙar daka, amma yanzu gaisuwa kaɗai take amsawa. Takan zauna a bakin ƙofar ɗaki, lulluɓe da lafayarta, tana kallon zaure.

Wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, ƙasa tana ƙamshi, na zauna kusa da ita ina juya kwabon, ba don ita ba. Na ɗauke, na hura, na buɗe hannu. Sai na ji murya a gefena, a dushe.

"Yana hagunki."

Na juyo. Goggo ce. Na buɗe hagu, ga shi nan kwance.

"Kafaɗarki ce take tona ki," ta ce da Hausarta mai nauyin Barbarci. "Sake yi."

Na sake, ta kama ni. Na sake, ta kuma kama ni. Inna tana bakin murhu, muciya a hannu, ta kasa motsi. Washegari na kai goggo gidan Malama. Malama ta yi mata sau ɗaya, goggo ta ƙura ido, ta rasa inda kwabon ya bi. Ta kama hannun Malama ta juya shi, ta duba tsakanin yatsu, sannan ta ce, "Ke kam kin iya." A ranar ta sha shayi har ta nemi ƙari.

Daga nan mu uku muke zama a gindin darbejiya. Goggo ba ta taɓa yarda ta koya ba, ta ce ita aikinta kamu ne. A kan tabarmar nan ta fara ba mu labarin mijinta, yadda yake yi wa shanunsa magana, da yadda ba ya cin tuwo sai ya huce. Malama tana saurare tana tsince shinkafa.

Mijin goggo bai dawo ba. Da aka buɗe makarantu na koma karatu, Malama kuma babban ɗanta ya zo ya tafi da ita Jos. Goggo ce ta yi mata kitson tafiya. Tana yi tana mata faɗa a kan ta riƙa shafa man kaɗanya, don an ce garin da sanyi.