Malam Isiyaku, da gidan da ya jingina saboda ni

A bakin masallacin Juma'a na unguwar Hausawan Fatakwal labarin ya same ni. Wani direban motar doya, mutumin Keffi, ya riƙe hannuna bayan sallama bai sake ba. Ya ce, "Malam Sale, sai haƙuri. Hedimastanku na Tudun Ƙofa, Malam Isiyaku, Allah ya yi masa rasuwa. An kai shi tun makon jiya." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Haka nisa yake yi wa mutum. Sai an gama zaman makoki, an naɗe tabarmi, sannan a gaya maka.

Ba zan yi ƙarya a kan wanda ya riga mu ba, shi ma ba zai so ba. Na daɗe da ɗacin Malam a raina, har yau kuma bai gama wankuwa ba. Amma wanda ya san mutum ya kamata ya ba da shaida, ni kuwa na san shi.

Aikin injiniya na tafi karanta a jami'a. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, kowane yaro mai kan lissafi can yake hange. Mahaifina ne ke ɗaukar nauyina da abin da gona ta bayar. Ina gama shekarar farko ya rasu. Na nemi tallafin karatu na jiha, ban samu ba. Na dawo gida hutu, ban san ko zan koma ba.

Na je wurin Malam a gidansa na unguwar Yara, domin surukinsa yana cikin kwamitin da ke raba tallafin. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, kalma ɗaya ce kawai za ka faɗa masa."

Ya ce, "Kalmar nan, Sale, a bakin wani yaro za a cire ta a ba ka. Wane ne? Faɗa mini sunansa, in je in ba uwarsa haƙuri."

Na san waɗanda aka faɗa wa kalmar a madadinsu, na ga sun wuce, kuma ban ga abin da ya same su ba sai alheri. Wannan shi ne ɗacin.

Malam bai sallame ni haka ba. Ya shimfiɗa mini hanyoyin da suka rage, bai yi wa ko ɗaya ado ba. Ko in zauna gida in sake nema baɗi, wataƙila gurbina ya tafi. Ko in kama aikin akawu. Ko kuma in nemi canji zuwa sashen koyon malanta, inda gwamnati ke biyan komai, har abinci da littattafai, saboda tana neman malamai ido rufe. Sharaɗin shi ne in an gama, za a koyar na wasu shekaru a duk inda aka tura mutum. Kuma dole a sami mai gida a gari da zai tsaya maka. In ka gudu kafin wa'adi, gidansa ne a ciki.

Yana da wata al'ada da duk Keffi ta san shi da ita. Ba ya tsaya wa kowa sai ya ba shi alli ya tura shi aji. Yakan ce, "Ba na tura wa 'ya'yan mutane wanda yunwa ce kaɗai ta kai shi gaban allo." Akwai abokina Yohana, ɗan ƙabilar Mada, da ya zo da buƙata irin tawa. Malam ya leƙa ta taga, ya ga yana magana da allo ya juya wa yara baya. Ya ƙi tsaya masa. Amma bai huta ba sai da ya samo masa gurbi a makarantar koyon aikin gona, kuma Yohana ya gode masa daga baya.

Ni na shiga ajin ne da fushi. Wata yarinya ta tambaye ni me ya sa aci-balbal ke mutuwa in an kife ta da ƙwarya. Na aika aka kawo fitilar da ƙwaryar, muka kife, muka buɗe, muka sake kifewa. Aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba. Da na fito, Malam na dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "To, injiniya, ka ba ni allina ko ka saye shi ne?"

Bai tsaya a sa hannu ba. Ya hau bayan motar kaya da kansa har jami'a, dattijo da shi, ya zauna a ƙofar shugaban sashen har aka saurare shi. Abin da ya je nema shi ne a lissafa mini darussan kimiyyar da na riga na ci, kada a mayar da ni farko. Aka yarda. Ya dawo da ciwon baya da bai rabu da shi ba, bai kuma taɓa ambata mini ba. Daga bakin matarsa, Inna Hajara, na ji.

Da na gama aka turo ni nan, inda man yake fitowa. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, albashi ba ya zuwa kan kari. Waɗanda muka fara aji tare sukan wuce ni a motar kamfani ina tafe da lema, su danna mini oda. Ɗayansu ya samo mini aiki a wurinsu, ya ce kowa ma yana tsallake yarjejeniyar nan, masu tsayawa su san yadda za su yi. Na tafi Keffi na gaya wa Malam, ina jiran ya roƙe ni saboda gidansa. Yana gyaran kekensa, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Gidan ƙasa ne, Sale, ana gina wani. In za ka tafi, tafi. Sai dai ka shiga ajinka ka gaya wa yaran da bakinka, kada su ji a gari." Na dawo Fatakwal, na shiga ajin, na dube su. Na ɗauki alli na ci gaba daga inda muka tsaya.

Ban ce na daina tunanin abin da na so in zama ba. Amma ba don shi ba, da ban zama komai ba, kuma abin da ya hana ni, ya hana 'ya'yan cikinsa ma.

Wa'adina bai cika ba tukuna, kuma na ji an ce hankalin iyalinsa ya tashi a kan gidan. Inna Hajara, a karanta miki wannan: ki kwantar da hankalinki. Ina nan inda aka ajiye ni, ba zan gusa ba sai ranar da aka sallame ni. Babu wanda zai taɓa miki ƙofa ta dalilina.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya tsaya masa ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah ya ba Inna da yara haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya sa mu cika da imani. Amin.