Sunan Maigida a Kan Allo

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da Malama Rifkatu ta watsa mini aji ba. Shekara ashirin ina koyar da ɗinkin hula da haɗa sabulu a cibiyar mata ta yaƙi da jahilci da ke unguwarmu, Ƙofar Durbi. Ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma duk malamar da kwaleji ta turo gwajin koyarwa, hannuna shugaba ke damƙa ta.

Ga yadda tsarin yake. Ɗalibar kwalejin za ta yi wata uku tare da mu. Kullum ta nuna wa mai kula da ita shirin darasi, mai kula ta dangwala yatsa. In an shiga aji, ka zauna baya, ba ka gyara mata gaban mutane. A ƙarshe mai dubawa ya zo daga kwaleji. In ta faɗi, sai ta maimaita shekara.

Rifkatu 'yar kudancin Kaduna ce, ga ladabi, ga Hausa a baki. Mai dubawa zai zo Laraba. Ran Litinin ta miƙo mini takarda, na duƙa kanta ina gyaɗa kai kamar alƙali, na dangwala. Girman kai ya hana ni cewa ta karanta mini.

Ashe darasin cike fom ne. Ta ce kowa ta tashi ta faɗi sunan mijinta da ƙarfi, sannan ta rubuta. Ta fara da Hajiya Gambo, babbarmu a ajin.

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. "Mi kika ce, yarinya?"

"Sunan Baba kawai, Hajiya."

"Shekara arba'in ban kama sunansa ba, sai yau gaban sa'o'in ɗiyana?"

Ta ja mayafi ta fita. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Rifkatu ta tsaya da alli a hannu, ido ya cika.

"Inna Ladi, zagi na yi?"

Na ce, "Ba ki yi ba, ɗiyata. Matan zamaninmu ba su kiran sunan miji, kunya ce. Laifin nawa ne, na dangwala abin da ban ji ba."

Talata da la'asar na sa ta sayi goro, muka nufi gidan Hajiya. Na ce ta durƙusa, kada ta kawo maganar makaranta sai an gama tambayar gida, jikoki da ciwon ƙafa. Ta yi tsaf. Hajiya ta jujjuya goron ta ce, "Zan zo, don Ladi. Amma bakina ba ya faɗi."

A hanya Rifkatu ta tsaya cak. "Inna, baki ne ba ya faɗi. Hannu fa?"

Wallahi ni ban hango wannan ba.

Laraba aji ya cika, mai dubawa na gefe da biro. Rifkatu ta ce kowa ta rubuta sunan maigidanta a allonta, ta miƙa wa ta kusa ta karanta. Hajiya ta rufe allo da gefen mayafi tana zana a hankali, harshe a waje. Maƙwabciyarta ta karɓa ta ɗaga murya: "La-wal!"

Hajiya ta rufe fuska. "Kai, wannan hannu bai da kunya!"

Har mai dubawa sai da ya dara. Rifkatu ta ci gwajinta.

Ku da ke tasowa, ku riƙe wannan: babba ba ya barin mutuncinsa a bakin ƙofa don ya zo koyon karatu, da shi yake shigowa. Ni kuwa tun ranar, duk malamar da ta miƙo mini takarda, sai in tura mata kujera in ce, "Zauna ki karanta mini, ni ban iya ba."